Hoton Ta Wajen Delu

Gusau, 14 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Kawu Dalhatu Mai Hoto, Tsafe.

Assalamu alaikum Kawu. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki, ya damina, ya kuma zaman gida? Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Kawu, kada ka yi dariya. Ni ne dai Zaharaddeen ɗinka mai sayar da waya, yau ga ni da biro da takarda. Tun da aka yanke mana sabis a jihar nan shagona ya koma wurin hira. Wayoyi cike da gilashi, amma babu wadda za ta kai sallama ko nan da Magami. Shi ya sa na ba Manu direba wannan ambulan, tunda kullum yana bin hanyar Tsafe.

Ka san ina gwada wayoyi in sa bayaninsu a intanet. To, kafin a rufe sabis an kawo mini wata sabuwa, wadda masu ita suka ce don hoto kawai aka ƙera ta. Kyamara huɗu ce a bayanta cikin wata da'ira kamar faifai, ga nauyi, kuma tana zuƙo abin da ke nesa har ka rantse kana gabansa. Ina so in kara ta da manya biyu da ake yayi, wata fara da 'yan gayu ke riƙewa, da wata shuɗiya da masu bidiyon biki suka fi so. Na ɗauki abu uku da kowace, tumatir a kasuwa, saniya a bakin gulbi, da hasumiyar masallaci daga nesa. Ɗanlami mai wankin hoto ya wanke mini su, na rubuta lamba ɗaya, biyu, uku a baya. Ba zan faɗa maka wace ce wace ba.

Ni idona ya saba da sikirin, duk abin da ya yi haske sai in ce ya yi kyau. Kai kuwa shekara arba'in ka yi kana ɗaukar mutanen Tsafe, tun ana shiga ɗaki mai duhu a wanke fim. Ka duba mini su, ka faɗa mini gaskiya, ko da za ta ɓata wa masu faifai rai.

Na sa maka goro kaɗan a gefen ambulan. Ka huta lafiya.

Ɗanka,
Zaharaddeen

Tsafe, 17 ga Satumba

Zaharaddeen,

Wa alaikumus salam. Na samu takarda, na samu goro, Allah ya yi albarka. Jiki da sauƙi. Zaman gida kuwa sai godiya. Da ɗana Bala yakan kira ni daga Kaduna duk Juma'a, ɗiyata Maryam kuma daga Sakkwato in ta tuna, yanzu wannan ma ta yanke. Tun rasuwar uwarsu Rakiya gidan nan rediyo ne kawai ke magana a cikinsa, ni kuma ina ba shi amsa.

Rubutunka ya yi muni ƙwarai. Amma na karanta.

Na fita tsakar gida da hantsi, na ɗauko tsohon gilashina na duba fim, na bi hotunanka ɗaya bayan ɗaya. Lamba ɗaya ta tsani inuwa. Mai tumatir yana zaune ƙarƙashin rumfa, amma ta haske shi kamar yana tsakiyar fili, tumatir ɗin kuma ja kamar an shafa musu fenti. Wanda ya sayi tumatir a hoton nan zai je kasuwa ya yi faɗa. Lamba biyu 'yar ƙarya ce. Sararin samanta ya fi shuni, ga damina amma babu hadari ko ɗaya. Saniyar kuma kamar an yanko ta da reza an manna, kuma garin dusashe abin da ke bayanta ta cinye ƙarshen ƙahon dama. Ka nuna wa kowane Bafulatani, zai ce maka wannan ba saniyarsa ba ce.

Lamba uku da farko na ce ba ta da armashi. Da na ƙara dubawa sai na ga ta bar inuwa a inda Allah ya ajiye ta. A hasumiyar na ƙirga tagogi, har wayar lasifika na gani, alhali a sauran biyun abin ya dame kamar kunu. Ita ce mai faifan, ba sai ka faɗa mini ba. Amma tana da nawa, wutsiyar saniyar ta fito kamar hayaƙi, wato sai an danna take tunani. Wannan aibi ne babba ga mai ɗaukar yara.

Duk da haka ba zan yanke hukunci ba, don ba ka gwada su a kan abin da ake gwada kyamara ba. Tumatir ba ya jin kunya, saniya ba ta da tarihi a goshi. Fuska ake gwadawa. Ka nemi mace baƙa sosai, wadda ta doshi arba'in, mai bille a kumatun hagu. Ka tsayar da ita a bakin ƙofar ɗaki, rabin fuskar a haske rabi a inuwa, ba hoda ba filas. Ka matso, fuskar ta cika takarda.

Ba sai ka sha wahalar nema ba. In ka je Nahuce, ta wajen Delu ta yi daidai da wannan bayani, kamar yadda nake ji. Ba lallai ka ce ni na ce ba.

Ka yi sauri da shi, kada ka tsaya shiririta. Allah ya tsare hanya.

Kawunka,
Dalhatu

Gusau, 19 ga Satumba

Yaya Husna,

Sallama da gaisuwa, ya Nahuce, ya su Khalid, ya zaman gida tunda an rufe muku makaranta? Malama ba ɗalibai, na san yanzu kaji kike koya wa karatu.

Albishirinki. Za ki zama tauraruwa. Ina gwada wasu wayoyi uku, an ce mini sai na samu mace baƙa ƙirin mai bille, wadda ta kusa arba'in. Na duba Gusau kaf ban ga wadda ta kai ki baƙi ba, shekarun kuwa kin san na sani, tunda gida ɗaya Inna Delu ta raine mu. Ranar Laraba zan zo da safe. Kada ki shafa komai.

An ce kada in faɗa miki wanda ya ba da wannan shawara, to ban faɗa ba. Sai dai mutumin yana Tsafe, yana da gilashin duba fim, kuma bai iya kiran sunanki ba.

Ki dafa mini dambu.

Ƙaninki,
Zaharaddeen

Nahuce, 20 ga Satumba

Zaharaddeen,

Wa alaikas salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Babansu yana can kudu da motarsa, tun da aka yanke sabis ban ji ɗuriyarsa ba, sai addu'a. Baƙi kuma na gode, kai da kake kamar gindin tukunya.

Na karanta takardarka sau uku, wasan naka bai ba ni dariya ba. Shekarata talatin da takwas. Mahaifina ya ɗauki hoton kowa a Tsafe, amare da angwaye, 'yan makaranta, masu zuwa Makka, har wani mutum da ya kawo ragonsa. Bala yana da kundi guda tun yana rarrafe. Maryam an ɗauke ta gaban labulen nan mai zanen jirgin sama ya fi sau ashirin. Ni ko ɗaya. Da na je ta'aziyyar mahaifiyata na zauna na buɗe kundayen nan kaf, ina neman ko gefen mayafina, ban samu ba.

Na san abin da za ka ce, ni 'yar fari ce, kunya ce, haka gidanmu yake tun kakanni. Na sani. An yaye ni aka miƙa wa Inna Delu, kuma Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa bari na ji maraici ba. Amma tun da ta rasu bara, babu wani babba a duniyar nan da ke kiran sunana. In na je gaishe shi sai ya sunkuyar da kai, ya ce wa tabarma, "An zo lahiya? Ya mutanen gidan?" Ni ce "an". Shi ya sa nake kiran Khalid da sunansa sau goma a yini, ko ba abin da zan aike shi. Matan unguwa suna cewa ba ni da kunyar ɗan fari. Su faɗa.

Yanzu kuma an tuna da ni saboda ana gwada waya, kamar tumatir. To, ka zo. Ba don shi ba, don kai, kada ka ce na hana ka cin abinci. Dambu kuwa sai ka zo da zogalenka.

Yayarka,
Husna

Gusau, 24 ga Satumba

Kawu,

Barka da war haka, da fatan an tashi lafiya. Ga hotuna uku na fuska, lamba a baya kamar na farko.

Na je Nahuce ranar Laraba. Na tsayar da ita bakin ƙofar ɗakin Inna, yadda ka ce. Farar wayar ba ta ba ni wahala ba, danna ɗaya ta gama. Shuɗiyar sai da na shiga cikinta na kashe abin gyaran fuska har wuri biyu, don ita da kanta take goge mutum. Mai faifai kuwa ta yi zafi a hannuna, batirinta ya zube da sauri, amma da na duba sikirin sai na ga komai na fuskar ya fito. Na girma da Yaya Husna, ban taɓa lura da wasu abubuwa a fuskarta ba sai ranar.

Ba ta yi murmushi ba. Na yi ta zolayarta, ta ce, "Kai dai ɗauki abin da anka aiko ka, ka tahi."

Da na dawo na bar wa Ɗanlami hotunan ya wanke, na ce na wata baiwar Allah ne, ya yi aiki mai kyau. Ya ba ni su a rufe daidai lokacin da Manu zai tashi, ban ma tsaya buɗewa ba. Ina jiran hukunci.

Ɗanka,
Zaharaddeen

Tsafe, 26 ga Satumba

Zaharaddeen,

Sallama. Wace ce wannan ka aiko mini?

Hotuna uku, mace ɗaya, fara sol, fuska sumul kamar faranti. Babu bille, babu tabo, babu layi ko ɗaya a goshi. Duk ukun iri ɗaya ne, ba aikin waya ba ne wannan, hannun mutum ne. Na san aikin, don ni ma na yi shi da fensir a kan fim shekara da shekaru. In an kawo hoton mace ba a tambaya, gyarawa ake yi, a haske ta, a share mata duk abin da rayuwa ta rubuta. Mai wankin naka bai yi laifi ba, abin da muka koya musu ya yi. Kai ne da laifi da ba ka buɗe ba.

Na yi fushi har na kasa cin tuwo. Yanzu na huce, kuma tunda babu wanda zan faɗa wa sai rediyo, bari in faɗa maka. Wata biyar da suka wuce na je asibitin ido a can Gusau ban neme ka ba. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma na makara. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama saura kaɗan a tsakiya, kamar mai leƙe ta ramin makulli, kullum ramin yana ƙara tsukewa. Hotunanka ma da ƙyar na bi su, gefe-gefe. Ban faɗa wa Bala ba, ban faɗa wa Maryam ba.

Ba na tsoron duhu, na yi rabin rayuwata a ɗaki mai duhu. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Zan makance ban san fuskar ɗiyata ta fari ba.

Kada ka ce ƙari nake. Ranar suna ina zaure wanzami ya yi mata bille, kukan kawai na ji. Tana shekara shida ta faɗo daga kan turmi ta fasa gira, Delu ce ta ba ni labari. An ce tana da wushirya irin ta uwarta, an ce. Abin da na sani da idona ƙafafunta ne, don su nake kallo in ta zo gaisuwa. Babban yatsanta na dama ya ɗan karkace, irin nawa. Sau biyu na saita kyamara a bikin dangi tana cikin taro, sau biyu na kau da ita, don yayyena suna tsaye kada a ce Dalhatu ya rasa kunya. Al'ada ta ce in kau da kai, gaskiya ne. Amma ba ta ce in yi shekara talatin da takwas ba. Sauran ni na ƙara, tun ina jin kunyar mutane har na koma jin kunyarta ita kanta, don ban san da wane ido zan fara ba.

Da takardarka ta farko ta zo sai na ga hanya. Na ce in gan ta a takarda, ni kaɗai a tsakar gida, ba wanda ya sani. Ga abin da na samu.

Ka koma wurin mutumin nan ya sake wankewa, kada ya taɓa komai. Ka tsaya a kansa. Kuma wannan takarda ta tsaya tsakanina da kai.

Dalhatu

Gusau, 27 ga Satumba

Yaya Husna,

Sallama. Yau ba wasa. Na yi wauta, na bar Ɗanlami ya wanke hotunanki ban tsaya ba, shi kuma ya gyara ki yadda suke yi wa kowace mace, har bille ya share. Da na je masa da faɗa cewa ya yi, "To mi kaka so? In bar mace da tabo a huska, gobe ta zo ta zage ni?"

Ya sake wankewa, suna nan hannuna, sun fito yadda kike. Amma ban aika ba tukuna. Ga takardar da Kawu ya rubuto mini, na sa miki a ciki. Ya ce ta tsaya tsakanina da shi. Na kwana biyu ina saɓa masa a ƙananan abubuwa, yau na saɓa a babba. Ki karanta, abin da kika ce shi zan yi.

Zaharaddeen

Nahuce, 29 ga Satumba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da girmamawa, ina yi maka sannu da jiki. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

Baba, ban taɓa rubuta maka takarda ba, ban san yadda ake yi ba. Kada ka yi wa Zaharaddeen faɗa, ya nuna mini abin da ka rubuta. Na karanta a ɗakin Inna, na yi kuka har Khalid ya tsorata. Bayan nan na cire takalmi na daɗe ina kallon yatsana. Ban taɓa sanin irin naka ba ne, don ni ma ban taɓa kallonka sosai ba. Hularka na sani, da muryarka.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi shekaru ina jin haushinka. Na ɗauka ba ka so na ne, kunya kuma ta zame maka mafaka. Har yanzu ban ce haushin ya tafi duka ba.

Na ce wa Zaharaddeen kada ya aiko maka hotunan nan. Ba na so a kawo ni cikin ambulan tare da goro. Kuma a ranar fuskata a ɗaure take, ba ita nake so ka tafi da ita ba. Kai ne mai hoto. Kowa a Tsafe ya zo gabanka ya zauna ka ce masa ya ɗaga haɓa, ya kalli nan. Ni ma haƙƙina ne. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan biyo ta Gusau, mu taho da shi da wayoyinsa. Na san halin da hanya take ciki, za mu fito da rana tsaka mu bi ayari.

In kunya ba za ta bar ka ka dube ni ba, ka dubi wayar, ni zan tsaya a bayanta. Ba sai ka kira sunana ba. Ka ce "a ɗaga haɓa", zan gane da ni ake.

A sa mu a addu'a.

'Yarka,
Husna

Tsafe, 5 ga Oktoba

Zaharaddeen,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun isa lafiya, kai Gusau, ita Nahuce. Manu ya ce mini sabis ya dawo muku a cikin gari, to ga hukuncin, sai ka sa a intanet ɗin naka. Ka gyara rubutun, don layukan sun fara guje mini.

Kana wurin, amma kana zaure kana cin gyaɗa lokacin da aka yi aikin, don haka bari in faɗa maka. Na fito da tsohon labulen nan mai jirgin sama, gara ta ci gefensa, na rataya a bangon tsakar gida. Ta zauna a kan kujerar da kowa ke zama. Ni kuma na koma can bakin ƙofar ɗakina, taku goma sha biyu, ƙafata ta ƙi matsawa kusa.

Na fara da farar. Daga inda nake, in na zuƙo sai fuskar ta dame, ta zama ta kowa. Waya ce mai sauƙin hali, mai sauri, ta dace da wanda zai matsa kusa da mutanensa. Shuɗiyar ta kawo ta kusa, amma ta kasa haƙuri, ina kallo tana shafe mata kumatu tana ƙara mata haske. Wanda ke son a yabe shi ya saye ta.

Sai na ɗaga mai faifai. Tana da nauyi, ta yi ta neman inda za ta tsaya. Da ta tsaya sai ga fuska ta cika sikirin, da haske, daidai girman ramin da ya rage mini. Billen yana nan a hagu, ya fi yadda nake zato gajarta. Tabon girar yana nan. Akwai furfura uku a gaban ɗankwali, ba wanda ya taɓa ba ni labarinsu. Idanun na uwata ne, kakarku, ba na Rakiya ba, shekara talatin da takwas ana faɗa mini ba daidai ba.

Na daɗe ban danna ba. Ta ce, "Baba, wayar ta lalace ne?" Na ce, "A'a, nawa gare ta, sai an yi haƙuri." Ƙarya na yi wa wayar, ka rubuta wannan ma. Na ce a ɗaga haɓa, aka ɗaga. Na ce a kalli nan. Sai ta kalle ni ta cikin gilashin, ta yi dariya, ga wushiryar. Nan na danna.

To ga hukunci. Mai faifai tana zafi, tana shan batir, ba ta iya ɗaukar abin da ke gudu ba, kuma ta yi wa aljihu girma. In don biki ne ko yara, a sayi farar. Amma in mutum yana da wanda ya daɗe yana tsayawa nesa da shi, ita ce.

Hoton da ka wanke ka aiko jiya ya iso, ba a taɓa shi ba, na gode. Na sa shi a shafin farko na kundin Bala, na matsar da Bala gaba. Ina fita da shi tsakar gida kullum da hantsi, ina haddace shi tun da sauran dama.

Akwai wata 'yar takarda a ciki, ka ba mai zuwa Nahuce. Wannan karon kada ka buɗe.

Kawunka,
Dalhatu

Tsafe, 5 ga Oktoba

Husna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin isa gida lafiya, kin tarar da yara lafiya.

Na gwada faɗin sunanki da baki a tsakar gida, ba kowa sai ni da rediyo. Sau biyu ya maƙale, na uku ya fita. In kin zo da babbar murya za ki yi sallama, don mai yiwuwa ba zan gan ki ba. Amma zan san wadda ta shigo, kuma zan kira ta.

Husna. Husna.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki